GYARA KAYANKA: A Tambayi Hujin Kafin A Zargi Maƙwabci

A wannan fili namu mun saba duba ƙananan kayan gida waɗanda sakaci da su kan jawo babbar asara. A wannan fitowa za mu yi magana ne a kan tif ɗin keke, wato siririyar robar nan da ke riƙe iska a cikin taya, wadda 'yan'uwanmu masu karanta shafin Faransanci suka sani da chambre à air. Wani zai ce abin bai kai a ɓata masa tawada ba. Mu ma haka muka ɗauka, sai da ya kusa raba mu da maƙwabcinmu na shekara da shekaru.

A daminar bara, ɗan ƙanenmu da muke riƙo ya samu gurbin koyon gyaran mota a Suame Magazine. Daga gidanmu a Aboabo zuwa can, kuɗin tarotaro na zuwa da dawowa ya fi ƙarfin aljihu, saboda haka muka yi ƙoƙari muka saya masa keke na hannu, irin waɗanda ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Tema daga ƙasashen Turai. Yaron ya zaɓi keken tsere, mai lanƙwasasshen kai da taya siririya kamar yatsa. Kullum da asuba sai ya bi ta Dichemso da Krofrom ya isa wurin aiki kafin a buɗe.

Murnarmu ba ta daɗe ba. Cikin mako uku ƙafar baya ta sace har sau biyar. An yi faci sau uku a wurare daban-daban a bakin hanya, an sayi sabon tif sau biyu, duk a banza. Mai gidansa ya yi masa kashedi cewa idan ya sake makara ya nemi wani wurin. Abin da ya fi tayar da hankali kuwa, sau biyu ana ajiye keken lafiya lau da dare a tsakar gida, gari na wayewa a tarar da taya a ƙasa. Kowa ya san zaman gidan haya a Zango, inda iyali da yawa ke tarayya a tsakar gida ɗaya. Nan da nan uwargida ta ce 'ya'yan maƙwabci ne ke soka allura, domin an ga ƙaraminsu yana shafa keken. Wata baƙuwa kuma ta ce ai baki ne. Gaisuwa ta fara sanyi tsakanin ɗakuna biyu, mu kanmu har mun fara shirya kalmomin da za mu fuskanci mahaifin yaran da su.

Allah Ya taimake mu, kafin mu yi haka muka tura keken wurin wani dattijo mai gyaran keke da ya tsufa a kan sana'ar. Bai taɓa keken ba sai da ya ce, “Malam, ina tsofaffin tif ɗin? A kawo mini su duka.” Yaron ya ruga gida ya ɗauko. Dattijon ya hura su ɗaya bayan ɗaya, ya shimfiɗa su a jere, bawul yana daidai da bawul, sa'an nan ya kira yaron ya ce, “Zo ka gani, ɗana. Me ka lura?” Yaron ya duba ya ce, “Baba, duk a wuri ɗaya suke.” Haka ne kuwa. Kowane huji da kowane faci yana kamar taƙi ɗaya daga bawul, kuma duk a cikin cikin tif, ɓangaren da ke kallon rim, inda babu allurar da za ta kai sai an cire taya. Da ya tuɓe tayar, sai ga ɗamarar da ke rufe ramukan wayoyin rim ta goce, bakin rami ɗaya mai kaifi yana waje. Shi ke cin tif a hankali, iska tana zurarewa cikin dare.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wannan karon tsagewar tana cikin kekenmu. Ranar muka koma gida da kunya, muka ba maƙwabci haƙuri a kan zargin da bai ma san an yi masa ba. Abin da muka koya a wurin dattijon, da abin da muka ƙara bincikawa daga baya, shi ne muke son mu raba da ku: tif ɗin da ke ta sacewa shaida ne, kuma wurin da hujin yake da siffarsa su ke faɗin mai laifi.

Asalin abin da kuma rikicin awo

Tayar iska ta bazu ne bayan shekarar 1888, lokacin da John Boyd Dunlop, wani likitan dabbobi da ke zaune a Belfast, ya yi wa keken ɗansa taya mai iska don rage masa jijjigar hanya. A 1891 'yan'uwan nan biyu na gidan Michelin a Faransa suka fito da tayar da ake iya cirewa a gyara tif a mayar, kuma a wannan shekarar Charles Terront ya ci tseren Paris zuwa Brest da dawowa a kan irinta. Tun daga wancan zamani kowace ƙasa ta riƙa awon taya da nata tsarin, kuma duk waɗannan tsare-tsare sun taru a kasuwanninmu.

Keken iyayenmu, irin su Raleigh na Ingila da Phoenix na ƙasar Sin, suna da rim mai milimita 635, wanda ake rubuta wa 28 x 1½. Keken tsere na zamani yana da rim mai milimita 622, wanda ake kira 700C, amma a wasu ƙasashen Turai shi ma 28 ake rubuta masa. Tsofaffin keken tsere na Ingila da Amurka kuma suna da mai milimita 630, ana ce masa 27, alhali ya fi na 622 girma. Keken hawan dutse mai lamba 26 yana da milimita 559. Wanda ya shiga kasuwar Kejetia ya ce a ba shi taya 28 kawai, yana iya komawa gida da abin da ba nasa ba. Mafita ita ce a duba gefen taya a nemi lambobi biyu da ɗan layi a tsakaninsu, alal misali 25-622. Ta farko faɗin taya ce, ta biyu girman rim, dukkansu a milimita. A rubuta su a takarda a tafi da ita. Tif shi ma a jikin kwalinsa akwai faɗin tayar da ya dace da ita. Idan ya yi ƙanƙanta zai miƙe ya yi siriri, idan ya yi girma zai naɗe a ciki, kuma a wurin naɗin yake tsagewa.

Yadda ake karanta huji

Kuskuren farko shi ne a zare tif a jefa cikin ruwa ba tare da an lura da yadda yake kwance a cikin taya ba. Kafin a zare shi, a sa alli a yi alama a taya daidai bawul, a kuma lura da wane gefe ne ke kallon sarƙa. Idan an ga hujin, sai a ɗora tif a kan taya, bawul a kan alama, nan take za a san wurin da za a bincika. Gogaggun masu gyara sukan daidaita tambarin taya da bawul duk lokacin da suka ɗaura, domin tambarin ya zame musu alama ta dindindin.

Na ɗaya, huji ɗaya ƙarami a bayan tif, ɓangaren da ke kallon ƙasa. Wannan aikin ƙaya ne, ko tsinin kwalba, ko ƙusa. Idan ya sake fitowa a wuri ɗaya, to abin yana nan maƙale a cikin taya. Wanda ya fi wahalar gani shi ne siririyar wayar da ke fita daga tsofaffin tayoyin mota, wadda ba ta fi gashi kauri ba, kuma irinta ba ta yankewa a hanyoyin Suame da wuraren 'yan gwangwan. Sau da yawa ba ta leƙowa sai nauyi ya hau kan taya. A juya tayar, a shafa cikinta da auduga ko tsumma mai laushi, zaren zai kama a inda take. A yi hattara da shafawa da yatsa tsirara, don tsinin kwalba ba ya jin tausayi. Idan kuma robar taya ta cinye har zare ya bayyana, to babu facin da zai yi magani sai sabuwar taya.

Na biyu, huji biyu a jere kamar saran maciji. Wannan ba abin da ya soki tif. Iska ce ta yi kaɗan, keken ya faɗa rami ko ya bugi bakin kwata, rim ya danne tif ya cije shi ta gefe biyu. Shi ne ciwon da ya fi kama keken tsere a hanyoyinmu, musamman da damina, lokacin da ruwa ke rufe ramuka. Tayar ƙaramar mota tana ɗaukar iska kamar bar 2 zuwa 2.5, wato psi 30 zuwa 35. Tayar keken tsere mai faɗin milimita 25 kuwa tana bukatar kamar bar 6 zuwa 7, wato psi 85 zuwa 100, gwargwadon nauyin mai hawa. Latsawa da babban yatsa ba ta isa awo ba, domin siririyar taya tana jin tauri ko da rabin iskarta ya fita. A nemi famfo mai agogo, a duba iyakar da aka rubuta a gefen taya, kada a wuce ta. A sani kuma cewa tif lafiyayye ma yana rage iska da kansa, saboda haka a ƙara masa aƙalla sau ɗaya ko biyu a mako. Idan jikin keken yana da fili, taya mai faɗin milimita 28 ko 32 ta fi dacewa da hanyoyinmu. Kuma keken tsere ba a yi shi don goyo ko ɗaukar buhun masara ba.

Na uku, huji a cikin cikin tif, irin namu. Rim iri biyu ne. Na tsofaffin keke bango ɗaya gare shi, kan wayoyi yana fitowa a fili, kuma ɗamarar roba da aka yanka daga tsohon tif tana isarsa, sai dai idan wata waya ta yi tsawo ta huda robar, sai a goge tsininta da magagari. Tsatsa ma tana yin irin wannan ɓarna. Rim ɗin keken tsere kuwa yawanci bango biyu ne, da ramuka masu zurfi a jere. Iska mai ƙarfi tana tura roba mai laushi cikin ramukan har bakinsu ya yanki tif. Irin wannan rim yana bukatar ɗamarar ƙyalle mai manne ko ta roba mai tauri, wadda faɗinta ya rufe ramukan daga gefe zuwa gefe. A namu keken, wani ne ya sa robar tsohon tif, kuma duk waɗanda suka yi mana faci babu wanda ya ɗaga ido ya dubi rim.

Na huɗu, tsagewa a gindin bawul. Bawul iri uku ne a kasuwa. Akwai mai kauri irin na mota, wanda ake kira Schrader, kaurinsa kamar milimita 8. Akwai siriri na keken tsere, Presta, kamar milimita 6. Akwai kuma na tsofaffin keke, Dunlop, mai 'yar roba a ciki. Idan aka sa siririn bawul a babban rami ba tare da zoben cikewa ba, tif yana cusa kansa a gefen ramin ya yanke. Haka nan idan aka ɗaure notin bawul da ƙarfi, ko aka riƙa fizgar famfo hagu da dama. Idan aka ga bawul ya karkace, alama ce taya tana jan tif saboda ƙarancin iska, sai a sace iskar a daidaita. Huji a gindin bawul ba ya karɓar faci.

Na biyar, doguwar tsaga tare da ƙara kamar bindiga. A nan tif ne ya samu hanyar fita waje. Ko dai an danne shi a ƙarƙashin leɓen taya lokacin ɗaurawa, ko gefen taya ya yage, ko wayar leɓenta ta lalace, ko kuma tayar ta fi rim girma. A duba robar birki ma, domin idan ta hau sama tana gogar gefen taya, sannu a hankali za ta huda shi. Wannan shi ne mafi haɗari. Fashewar ƙafar gaba a gangara, tsakanin motoci da babura masu ƙafa uku, tana iya zama sanadin rai.

Na shida, 'yar ƙaramar tsaga a gefen tif, wadda ke bayyana a ranar da aka ɗaura shi. Sukundireba ko wutsiyar cokali ce ta cije shi. A yi amfani da abin ɓanɓarar taya na roba wajen cirewa, wajen mayarwa kuwa hannu ya fi.

Idan an nutsa tif cikin ruwa ba a ga kumfa ba, a ƙara masa iska har ya kumbura sosai a sake gwadawa, domin wani hujin ba ya buɗewa sai roba ta miƙe. A ɗiga ruwan sabulu a kan bawul a gani ko zai yi kumfa. A duba gefen tsofaffin faci. Tif ɗin da ya daɗe a rataye cikin rana a bakin shago kuma yakan bushe ya yi tsattsage tun kafin a saye shi, saboda haka a ja shi kaɗan a duba fatarsa kafin a biya kuɗi. Araha ba ta ado.

Faci da ɗauri

Yawancin facin da ke ɗagowa gaggawa ce ta kashe su. A goge wurin da samfefa har ƙyallin roba ya tafi, a faɗin da ya fi facin. A shafa sholisho siriri, a bar shi kamar minti 5 har ya daina sheƙi. Sa'an nan a ɗora faci a danne da ƙarfi daga tsakiya zuwa gefe. Wanda ya manna faci a kan jiƙaƙƙen sholisho zai sake zama a bakin hanya. Facin wuta da masu gyaran tayar mota ke yi ya dace da tif mai kauri, amma na keken tsere siriri ne, zafi yana iya ƙona shi, facin mai kauri kuma yana hana shi miƙewa daidai. A adana sholisho nesa da yara, domin shaƙarsa tana cutarwa.

Wajen mayarwa, a hura wa tif iska kaɗan don ya yi siffa, a barbaɗa masa hoda idan akwai. A fara sa bawul a miƙe, a shigar da sauran tif ba tare da murɗewa ba. A fara tura leɓen taya daga ɓangaren da ke fuskantar bawul, a ƙare a wurin bawul, sa'an nan a tura bawul ciki kaɗan don gindinsa ya kuɓuta daga leɓen. Kafin a buga iska, a zagaya duk tayar ana matsa ta ana leƙawa ta gefe biyu, kada a ga tif ko kaɗan. A ba da rabin iska, a juya ƙafar a tabbata layin gefen taya ya zauna daidai, daga nan a cika.

Nasiha ga iyaye

Ba mu rubuta wannan don mu hana masu faci abincinsu ba. Mai faci a bakin hanya yana da mutane a layi, kuma abin da aka ce ya yi shi yake yi. Mai keke ne ya kamata ya ce, “Don Allah a duba taya da rim kafin a mayar.” Idan taya ta sace sau biyu a jere, kada a yarda da faci na uku sai an gano dalili, kuma kada a zubar da tsohon tif, domin shi ne shaidar.

Muna kuma roƙon iyaye su zauna da 'ya'yansu, maza da mata, su koyi wannan aiki tare. Famfo mai agogo, da abin ɓanɓarar taya, da kwalin faci, kuɗinsu bai kai na tif ɗin da muka yi asara ba, balle kwanakin aikin da yaronmu ya rasa. Kumasi gari ne na masu aikin hannu. A nan ne Bernice Dapaah ta kafa shirin ƙera keke da gora wanda sunansa ya zaga duniya, a nan kuma Suame Magazine take. Bai kamata ɗan Zango ya tura keke a ƙasa daga Krofrom zuwa gida saboda hujin da bai kai ƙwayar gero ba.

Yaronmu yana nan yana zuwa aikinsa, kuma tun da aka canza ɗamarar rim sau ɗaya kacal ya yi faci, shi ma ƙusa ce, ya cire ta da hannunsa. Ƙaramin ɗan maƙwabcin da muka zarga kuwa, yanzu shi ke riƙe masa famfo ranar Lahadi. Duk lokacin da muka gan su tare sai mu tuna cewa saura ƙiris mu ɗora wa yaro laifin da bai ji ba bai gani ba, don kawai bincike ya fi zargi wuya.

Allah Ya kiyaye mana 'ya'yanmu a kan hanya, Ya kuma zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu.